Musayar waƙa: twinkle, ta tauraro ce ko ta ido?

Ɗan Fagge:
Ku zo ga kalmar Turawa, twinkle,
Hasken da ke rawa, ba ya zama wuri.
Jane Taylor ta sa ta a waƙar yara,
A 1806, don ɗan tauraron sarari.

Gamzaki:
Ƙanena, karatunka na firamare ne,
Waƙar raino ka jawo mana tun fari.
Kalmar ta haura shekara dubu a bakinsu,
Ido ma na yin ta in ya ƙifta da sauri.
Duba Baibul na Sarki James, 1611,
Ƙiftawar ido ce, ran tashi daga kabari.

Hajiya Rabi: Allah ya ƙara basira, Gamzaki! Wani sai ya koma aji ɗaya.

Ɗan Fagge:
Yaya, sunan da ka ɗauka ya tona ka,
Gamzaki ba tauraro ba ne a asali.
Duniya ce mai aron haske gun rana,
Ƙuru take yi, ba ta san ƙyalƙyali.
Iska ke lanƙwasa hasken tauraro mai nisa,
Har ya yi twinkle, ka ji dalili.
Kai ko aro kake, haske da baiti,
Mai kayan aro ya taka a hankali.

Malam Aruli: Ku dakata. Ɗan Fagge, rera 1806 ka ji: dubu da ɗari takwas da shida, gaɓa goma cur. Ɗango ɗaya ba ya ɗaukar wannan kaya, karin ya karye. Kuma ka tashi daga amsa-amon "ri" ka faɗa "li" ba sallama.

Na Sabon Gari: Malam, a yi adalci. 1611 ta Gamzaki ai ta fi tsayi, me ya sa ba ka gan ta ba?

Hajiya Rabi: Tasa ta zauna daram, kunnenka ne.

Malam Aruli: Hajiya, ita ma ɗingishi take. Kari ba ya sanayya.

Na Sabon Gari: To ku biyu ku kawo naku baitin mu gani.

Gamzaki:
Na dawo, yaro, ga saura ka riƙe,
Twinkle kan sauka a idon mai fara'a.
Wanda ba a haifa ba, in za su faɗe shi,
Twinkle ne a idon uba, sai an yi sa'a.
Ran da na fara ɗaura ɗango da ɗango,
Can kake a idon Baba, ana ta addu'a.