Ɗan Nijar mazaunin Legas: ta ina ake bi a zama ɗan Najeriya a hukumance?

DanMaradi_Mile12:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sani ku taimaka min. Ni haifaffen Maradi ne amma na haura shekara 20 a Legas, harkar albasa nake a Mile 12, matata Bakatsiniya ce kuma yaranmu duk a Agege aka haife su. A da ko a jikina da maganar takarda tunda duk muna ECOWAS, to tunda Nijar ta fita a Janairun 2025 hankalina ya ƙi kwanciya, gida a nan iyali a nan jari a nan. Ina da NIN, wasu sun ce ai shikenan na zama ɗan ƙasa, wasu kuma sun ce in je Katsina a yo min takardar ƙaramar hukuma a wuce wurin. Ni dai hanyar gaskiya nake so. Auren da na yi zai ba ni? Yarana kuma fa?

Lauyan_Agege:
Wa alaikumus salam Alhaji. Fara kwantar da hankalinka kan yara, su 'yan Najeriya ne na haihuwa, sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a nan kuma ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne to shi ma ɗan ƙasa ne, uwarsu ta ishe su.

NIN kuma ba shaidar zama ɗan ƙasa ba ce, baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida ma ana ba shi.

Aure ba zai ba ka ba gaskiya. A maganar aure sashe na 26 mace kaɗai ya ambata, wato baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya. Kai taka hanyar sashe na 27 ce, kuma sharuɗɗanta da nauyi: ka zauna a ƙasar shekara 15 a jere, ko kuma wata 12 na ƙarshe kana nan ba yankewa sannan cikin shekara 20 kafin nan zamanka ya kai jimillar 15. Ka zama baligi mai hankali, mai halin kirki, ka nuna nan za ka yi zamanka, kana da wani amfani da kake wa ƙasa ko za ka iya yi, sannan gwamnan jihar da kake zaune ya gamsu cewa mutanen unguwarku sun karɓe ka kuma ka saje da su, wato kai gwamnan Legas ke nan ba na Katsina ba. A Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ake nema, ta intanet ake cike fom ɗin, DSS su yi bincike a kanka, shugaban ƙasa ne mai ba da takardar, sai ka yi rantsuwar biyayya. Kuma ana samu fa, a 2022 Buhari ya ba mutum 286 a rana ɗaya a Abuja.

Maman_Khalifa:
Wlh wannan sashe na 26 yana ci min rai. Namiji ya auro daga ko'ina a yi wa matarsa rajista, mu kuma mazajenmu sai su yi ta jiran shekara 15 bayan ga 'ya'ya a tsakani. A Maris 2022 an kai maganar gyaran majalisa suka yi fatali da ita, har mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar. Sannan Alhaji dan girman Allah kar ka taɓa takardar ƙaramar hukumar nan. Mijin ƙawata haka wani ejan ya yi masa, ranar da ya je neman fasfo aka ce ya faɗi sunan mai garinsu da gidan su wa yake, ya tsaya yana kame-kame, aka riƙe fayil ɗin, da kyar aka kashe maganar kuɗinsa kuma sun tafi.

Baban_Sadiq_IdiAraba:
Barista ya gama magana amma inda mutanenmu ke faɗuwa shi ne hujja. Kowa a kasuwa zai rantse ya san ka shekara 20, to hukuma takarda take gani. Kana da katin zama na ECOWAS daga imigireshan, kana sabunta shi? Kana da shaidar biyan haraji na Legas da sunanka? Tattara rasit ɗin haya, na shago, takardun haihuwar yara masu sunanka a kai, duk ka zuba a jaka ɗaya, kuma ka duba sunanka iri ɗaya ne ko'ina don wani wuri Mahamadou wani wuri Muhammad kaɗai ya isa ya ɓata maka lokaci. Za a kuma nemi masu tsaya maka, nemo dattawan da suka san ka da gaske. Tambaya ɗaya: cikin kakanninka babu ɗan wannan ɓangaren? Maradi da Katsina ai ɗanjuma ne da ɗanjummai.

DanMaradi_Mile12:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Hajiya na ji, in sha Allahu ba zan bi ta nan ba. Baban Sadiq, kakata ta wajen uwa 'yar Jibiya ce, aure ne ya kai ta Maradi, danginta suna nan har yanzu muna zumunci. Katin zaman kuwa ya daɗe da ƙarewa.

Lauyan_Agege:
To ai Alhaji wannan ya canza lissafi. Shi wancan sashe na 26 ɗin bayan matan aure ya haɗa da baligin da aka haifa a waje wanda ɗaya daga kakanninsa ɗan Najeriya ne, rajista ke nan, babu sharaɗin shekara 15 a cikinta. Aikin da ke gabanka shi ne tabbatar da ita kakar: takardar asalinta daga ƙaramar hukumar Jibiya da sunanta ita, da abin da zai haɗa ta da mahaifiyarka, ya haɗa mahaifiyarka da kai. Tunda kai ɗan Nijar ne na haihuwa sashe na 28 bai tilasta maka ajiye taka ba. Sai dai ko an ba ka, sai bayan shekara 10 za ka iya riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi. Fara sabunta katin zaman a wannan satin kafin ka hau motar Jibiya.