Neman kalma kafin Alhamis: yaya za mu ce "open source" da Hausa?

Mai Shirin Kimiyya: Assalamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis da yamma ina da shiri a wani gidan rediyo nan Kano, kan yadda masu binciken ƙwayoyin halitta ke dogaro da manhajojin da ake kira "open source". Baƙona malamin jami'a ne. Ya ce ɗalibansa da manhajojin R da Biopython suke aiki, ba sa biyan ko sisi, kuma in manhajar ta ba da matsala masu sa kai ne daga ƙasashe daban-daban suke gyarawa. Kalma biyu nake nema, ta "open source" da ta "bioinformatics". Ba na son in cika wa masu sauraro kunne da Turanci.

'Yar Gwale: Wa alaikumus salam. Manhajar kyauta mana. Kowa zai gane.

Ɗan Farm Centre: A'a Yaya, kyauta ba ta kama ba. WhatsApp ma ba a saye, amma wa ya isa ya buɗe cikinta ya ga yadda aka rubuta ta? Abin da ake nufi shi ne an saki asalin rubutun manhajar, ka karanta, ka gyara, ka raba wa wasu. Turawan ma sun sha wannan ruɗani. Masanin kwamfuta Richard Stallman ya fara aikin GNU na rubuta irin waɗannan manhajoji a 1983 da kalmar "free", wadda yake nufin 'yanci da ita, mutane suka riƙa ɗauka kyauta ce, har a 1998 wasu suka fito da "open source". Ni dai "buɗaɗɗiyar manhaja" nake gani.

Tsohon Malamin Hausa: Yarana, me ya sa kullum sai kun bi sawun Turanci ɗaya bayan ɗaya? Muna da kalmarmu: gayya. Mai gona ya yi gayya, kowa ya zo da fartanyarsa, a yi aikin yini guda a tashi, gobe a koma gonar wani. Ba wannan ba ne abin da kuka bayyana? Manhajar gayya. Manomin Bichi zai gane ta tun kafin ka rufe baki.

'Yar Gwale: Wallahi Baba ta yi daɗi a baki.

Mai Binciken Ƙwayoyin Cuta: Baba, Allah ya ƙara girma, gayya ta dace da rabin maganar. Bioconductor, tarin manhajojin nazarin ƙwayoyin halitta, wadda aka fara a 2001, lallai haka take tafiya: wannan ya rubuta ɓangare, wancan ya duba, wani ya amsa tambayar ɗalibin da bai taɓa gani ba. Amma ga BLAST, manhajar kwatanta jerin ƙwayoyin halitta. Tun 1990 ake amfani da ita, cibiyar NCBI ta gwamnatin Amurka ke kula da ita, ma'aikata masu albashi ne, ba gayya aka kira ba. Duk da haka a buɗe take. Ɗaliba a nan Kano za ta kwafi jerin haruffan A, T, G, C (haruffan da ake rubuta DNA da su) da ta samo daga samfurinta, ta liƙa a akwatin shafin, ta danna, kafin ta gama shan ruwa an jero mata halittun da suka fi kama da nata daga rumbun GenBank. Abin da ya ba ta wannan dama buɗewar ce, ba yawan hannun da suka yi aikin ba.

Kuma Malam mai shiri, don Allah kar ka tsaya kan manhaja kaɗai. A 1996 masu aikin karanta kundin halittar ɗan Adam suka amince a Bermuda cewa duk jerin da aka karanta a sake shi ga kowa cikin sa'a 24. A Janairun 2020 aka saki jerin ƙwayar korona a intanet, a Maris cibiyar binciken cututtuka ta ACEGID da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, ta karanta na wanda aka fara samu da cutar a Najeriya. Da an kulle bayanan farko, da wa za su kwatanta nasu?

Tsohon Malamin Hausa: Na ji Dakta. To amma "buɗaɗɗiya" fa? Ƙofa ce? Shago ne? Wannan Turanci ne aka sa wa hula. Ita "manhaja" ɗin ma tsarin karatu muka san ta da shi tun muna aji, kafafen waje suka juya ta, kuka karɓa ba musu. Abin da aka faɗa daga Landan ya zama Hausa, abin da dattijo ya faɗa a Kano sai an kawo hujja.

Ɗan Farm Centre: Baba, ba raini ba ne. Amma a kasuwar waya in ka ce manhaja kowane yaro ya san abin da kake nufi. Ta riga ta zauna.

Ɗan Sakkwato a Kano: Kuma a daina maganar kamar Hausar Kano ce kaɗai ma'auni. Shirin ana jin sa a intanet har Damagaram da Maraɗi.

Tsohon Malamin Hausa: Su ma can gayya suke yi, ɗana. Ka tambaya.

Mai Shirin Kimiyya: Jama'a a yi haƙuri, lokaci na tafiya, kuma ba wanda ya taɓa kalma ta biyu.

Mai Binciken Ƙwayoyin Cuta: "Nazarin bayanan halitta da kwamfuta." Ta yi tsawo, na sani. "Kimiyyar bayanan halitta" ta fi gajarta, sai dai kwamfutar ta ɓace, alhali ita ce ginshiƙin fannin.

'Yar Gwale: Ya faɗi doguwar a farkon shiri, daga baya ya riƙa amfani da gajerar.

Mai Shirin Kimiyya: Haka zan yi. Ga inda na tsaya: "buɗaɗɗiyar manhaja" ga manhajar kanta, "buɗaɗɗen bincike" ga sakin bayanai, sannan in na zo kan masu sa kai da ke rubutawa da gyarawa da amsa tambayoyi, zan ce "aikin gayya", kuma zan faɗa a iska cewa wani dattijonmu ne ya ba ni. Baba, an yarda?

Tsohon Malamin Hausa: Ban yarda da "buɗaɗɗiyar" ba, amma shirinka ne. Ka buɗe layin waya ka karanta musu duka biyun, ka ji wadda za su maimaita maka.