Musayar waƙa: makiyayan Kazak da kolhoz

Mai Goro: Jama'a jiya na kalli Zhat, fim ɗin ɗan Kazakistan Yermek Tursunov na 2015, wani maraya ne ya ƙi shiga gandun haɗaka na Sobiyet wato kolhoz ya haye dutse yana zaune a kogo kusa da kyarketai, wallahi har yanzu abin bai bar raina ba. Ga nawa:

An ce a miƙa garke ga hukuma, ya ƙi,
Ya juya baya ya haye tsauni.
Da ya ci gurasar kolhoz kai a sunkuye,
Gara kogo, hunturu da rani.

Uwar Baiti: Malam Mai Goro baitin ya yi, amma fa mutum ɗaya ka gani.

Kai kana kallon jarumi kan dutse,
Ni ina ƙirga waɗanda suka kwanta.
Daga 1930 har 1933,
Yunwa ta shiga tanti ta zauna abinta.
Wajen miliyan ɗaya da rabi ta ɗauka,
Asharshilik suke kiran sunanta.

Ɗan Ruga: Hajiya kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni a gidan kiwo na tashi, wanda bai taɓa tatsa da asuba ba ba zai gane ba, ka raba makiyayi da dabbarsa ai ka gama da shi ko ba ka taɓa jikinsa ba. Nawa kan Goloshekin ne, shugaban jam'iyyar kwaminis a Kazakistan a lokacin:

Goloshekin ya zo da takarda da alƙalami,
A 1928 aka fara ƙwacewa.
Aka ce mai yawo ya kafa turke wuri ɗaya,
Ba ciyawa, ba rumfa, sai mutuwa.
Wani ya yanka tumakinsa da hannunsa,
Don kar ya ga baƙo yana korawa.

Mai Goro: To ai ba kwanciya kawai suka yi ba, sun ɗaga kai fa! Mutanen yankin Sozak sun yi tawaye, haka ma Adai, wata ƙabilar Kazak a yankin Mangistau:

A Sozak an tashi a 1930,
Adai ma a Mangistau sun ja daga.
Doki da tsohuwar bindiga a hannu,
Sojan Sobiyet ya zo da mashinga.

Uwar Baiti: Naka ya fi, na sallama wannan zagayen 😄 Sai dai masu fim sun fi son doki a guje da mikiya a hannun maharbi, shi ke cika ido. Ni wannan nake so kyamara ta tsaya a kai:

Uwa da goyo ta nufi iyakar Sin,
Ƙanƙara har gwiwa, ba takalmi.
Nonon goɗiya ya ƙare tun jiya,
Yaron ya daina kuka, ya buɗe baki ba kalami.

Ɗan Ruga: Kai Hajiya. Bari in sha ruwa tukuna, nawa sai bayan isha'i.