Wai "makamashi mai tsabta": wa ake yi wa wayo?

Ɗan Gwagwarmaya: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake. A wani taro kan sauyin yanayi na tambayi inda ake kai fukafukan injin iska mai samar da lantarki idan sun tsufa, mai jawabi ya yi murmushi ya wuce kamar ban yi magana ba. To ni na ga hoton da idona: a Casper ta jihar Wyoming, can Amurka, rami ake haƙawa a jera su a binne. Wallahi wannan abu da suke kira makamashi mai tsabta ya fi kwal da fetur ɓata muhalli. Wanda ya isa ya musa.

Ɗalibar Kimiyya: Yaya, ka fara shirin kaffara. A rahoton 2014 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, duk kilowat ɗaya na awa guda da aka samar da kwal yana fitar da giram 820 na iskar kabon, na gas 490, manyan filayen sola 48, injin iska kuwa 11. Kuma lissafin ya haɗa da haƙo ƙarfe, da siminti, da dakon kaya, har zuwa ranar da za a kwance injin.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, 11 ai ba sifili ba ce. Abin da ya fitar da ko giram ɗaya, da wane baki za a ce masa mai tsabta?

Malam Na Gefe: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ka haɗa tsabta da tsarki. Ba wanda ya ce injin iska tsarkakakke ne. Tsabta mataki-mataki ce. Rigar da ta ɗan yi ƙura da wadda ta faɗa kwata, ai ba a ce musu duk ɗaya.

Baba Mai Ritaya: To su ce "mai dama-dama" mana. Su ne suka zaɓi kalmar, ba ni ba.

Sarkin Nahawu: Kafin a yi nisa: tsafta ce, ba tsabta ba. Mutum uku sun rubuta, ba wanda ya dace.

Malam Na Gefe: Ranka ya daɗe, duka biyun Hausa ce. Buɗe ƙamus.

Sarkin Nahawu: Wane ƙamus? Kawo shafi.

Hajiya Mai Kyanwa: Ni dai ku bar batun harafi. Abin da ke kashe tsuntsaye ba shi da tsabta, ko da "f" ko da "b". An sha ba da labarin gaggafa da fankokin nan suka sare a Altamont ta Kalifoniya.

Injiniya: Hajiya, don Allah a daina ce musu fanka. Fanka wuta take sha ta ba da iska, wannan kuwa iska yake sha ya ba da wuta. Batun Altamont gaskiya ne, tsofaffin injuna ne masu saurin juyi da aka kafa a hanyar tsuntsaye, kuskuren zaɓen wuri ne. Amma a Amurkar, ƙiyasin tsuntsayen da injin iska ke kashewa ɗaruruwan dubbai ne a shekara, na kuliyoyi kuwa ya haura biliyan 1.

Hajiya Mai Kyanwa: Au, da ni kake? Me kyanwa ta yi maka da za ka jawo ta cikin rigimar lantarki? Ita abincinta take nema, ba kamfani ba ce.

Injiniya: Allah ya ba ki haƙuri, ban lura da sunan ba.

Ɗan Gwagwarmaya: Jama'a, har yanzu ba wanda ya taɓo maganar fukafukan da ake binnewa.

Ɗalibar Kimiyya: Yaya, ana binne su, ban musa ba. Da zaren gilashi da wani irin ƙaro ake yin su, shi ya sa sake sarrafa su ke da wuya. Amma sai sun yi shekara 20 zuwa 25 suna aiki, kuma mafi yawan nauyin injin ƙarfe ne da ake narkarwa. Sharar iska kana ganinta a rami, har ka ɗauki hoto. Sharar kwal huhunka take shiga. Hazon hayaƙin da ya rufe Landan a Disambar 1952, ƙirgar farko mutum kusan 4,000 ya kashe. A 2010 rijiyar Deepwater Horizon ta fashe a tekun Meziko, ma'aikata 11 suka mutu, ɗanyen mai ya kwana 87 yana tsiyaya. Ka taɓa jin iska ta malale a teku?

Baba Mai Ritaya: Yarinya, idan iska ta kwanta, rana ta faɗi, sai batir. Batir kuma sai ma'adinin kobalt, kusan kashi 70 cikin 100 daga Kwango yake fitowa, har da yara a ramukan haƙa. Wannan ce tsabtar taku?

Injiniya: Baba, wayar da kake rubutu da ita akwai kobalt a batirinta, matatun mai ma suna amfani da shi wajen cire farar wuta. Yawancin manyan batiran ajiyar lantarki na yanzu kuwa babu shi a ciki.

Ɗan Kallo: Ku ƙyale Baba, a kamfanin mai ya yi ritaya. Wa zai zagi hannun da ke ba shi fansho?

Baba Mai Ritaya: Kai, ban haifi kamarka ba? Shekarun da na yi ina aiki kana ina? Injiniya kuma da ke sayar da allunan sola, shi ba a ce yana kare cinikinsa ba?

Injiniya: Girkawa nake yi, Baba, ba sayarwa ba.

Baba Mai Ritaya: Duk kanwar ja ce.

Ɗan Kallo: A yi haƙuri Baba, tsokana ce.

Baba Mai Ritaya: Ku tambayi mutanen Texas a Fabrairun 2021, da sanyi ya daskarar da injunan iskarsu suka kwana cikin duhu.

Injiniya: Wasu sun daskare, amma giɓin da ya fi girma daga tashoshin gas ya zo, bututu da rijiyoyi ne suka ƙanƙare. Danmak fa, da fiye da rabin wutar da take samarwa daga iska yake?

Malam Na Gefe: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Chana ce ke ƙera sama da kashi 80 na allunan solar duniya, ita ce kuma ke ƙona fiye da rabin kwal ɗin duniya. Afirka duka hayaƙinta bai kai kashi 4 ba, amma ita ake yi wa wa'azin tsabta.

Sarkin Nahawu: Tsafta.

Hajiya Mai Kyanwa: Har yanzu Injiniya bai janye maganar kuliyoyi ba. Haƙuri kawai ya bayar.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. Zaure ya amince cewa injin iska yana fitar da hayaƙi, yana kashe gaggafa, ana binne fukafukansa, ya kuma daskare a Texas. Ke nan kalmar "tsabta" ba ta dace da shi ba, kamar yadda aminina Baba ya faɗa tun farko. Kwal da fetur ma an ce suna da 'yan matsalolinsu. Ɗan Kallo, ka je ka ba Baba haƙuri a gefe. An rufe.

Ɗalibar Kimiyya: Ranka ya daɗe, 820 da 11 fa? Ina suka shiga? Mutum 4,000 ne 'yan matsaloli?

Shugaban Zaure: Na ce an rufe, 'yata.

Ɗan Gwagwarmaya: To ni kaffarar tana kaina ko ta faɗi?

Sarkin Nahawu: Shugaba ma da "b" ya rubuta. Ina jiran shafin ƙamus.