Kotu ta ba shi ranakun ganin yara, amma sai ranar da ya ga dama yake zuwa

Maman Biyu:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, don abin ya kai ni bango. Shekara biyu ke nan da rabuwarmu da uban yarana. Kotu ta bar yaran a hannuna, shi kuma ta ba shi Asabar ɗaya a kowane mako biyu: ya ɗauke su ƙarfe 10 na safe, ya dawo da su Lahadi ƙarfe 5 na yamma. Shi fa ya nemi hakan da bakinsa, har yana cewa ina raba shi da jininsa.

Wata ukun farko bai taɓa fashi ba. Yanzu kuwa, cikin Asabar takwas da suke nasa, sau biyu kaɗai ya zo. Babbar, mai shekara tara, ta daina tambaya. Ƙaramin ne yake karya mini zuciya. Shekararsa biyar. Tun da sassafe zai sa takalminsa, ya rataya 'yar jakarsa, ya zauna bakin ƙofa, duk motar da ta tsaya sai ya miƙe. A nan barci zai kwashe shi. Sai kuma Talata da dare uban ya bugo waya wai yana waje a fito masa da su, alhali gobe makaranta. Zuwansa na ƙarshe bai dawo da su ba sai Litinin da rana, wayarsa a kashe. Daren nan ban runtsa ba.

Kuɗin ciyarwa ma wata biyu shiru. Zuciyata na ce mini in rufe ƙofa, kada ya sake ganinsu sai ya biya. Ina da ikon yin haka?

Tsohon Magatakarda:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki rufe ƙofar nan. Umarnin kotu ya hau kanki kamar yadda ya hau kansa. Ranar da kika hana shi yaran a ranarsa, ke ce za a iya kai wa sammaci kan raina kotu, laifinsa kuma ya ɓuya a bayan naki. Na sha ganin mai gaskiya ta shigo kotu tana kare kanta saboda wannan.

Ciyarwa da ziyara abu biyu ne, kotuna ba sa yarda a yi garkuwa da ɗaya don ɗayan. Bashin ciyarwa ki kai ƙorafinsa daban. Ganin uba kuma haƙƙin yaran ne kafin ya zama nasa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, a sashe na 9, ta ce yaron da ya rabu da ɗaya daga cikin iyayensa yana da haƙƙin ganinsa a kai a kai, sai dai in hakan zai cutar da shi.

Ranar Talata ba ta cikin takardar, don haka ba dole ki fito da su ba. Ki amsa masa a rubuce, a taƙaice, ba zagi: yau ba ranarka ba ce, Asabar za su kasance a shirye. Rashin dawo da su kan lokaci shi ne babban saɓa umarni, shi alƙali zai fi dubawa.

Ki samu littafi. Kowace Asabar ki rubuta kwanan wata, ya zo ko bai zo ba, ƙarfe nawa ya ɗauka, ƙarfe nawa ya dawo. Kada ki goge saƙonninsa. Da wannan za ki koma kotun da ta yi hukuncin, da lauya in da hali. Da wuya kotu ta iya tilasta wa uba zuwa, amma tana iya sauya tsarin: ta rage kwana zuwa wuni, ko ta sa sharaɗin ya tabbatar da zuwansa tun ana gobe.

Uban Uku:

Baiwar Allah, ba kare shi zan yi ba, abin da ya yi wa yaron nan ba daidai ba ne. Amma ni ma na taɓa zama wannan mutumin. Aikina ya tsaya, bashin ciyarwa ya taru, duk zuwan da zan yi sai an yi cacar baki a ƙofa, yara na kallo. Kunya ta sa na riƙa ƙirƙiro uzuri har na yi wata huɗu ban je ba. Da muka zauna sulhu, aka mayar da miƙa yaran gidan yayata, ba na haɗuwa da uwarsu, maganar kuɗi kuma ta koma ta takarda. Tun daga nan ban sake fashi ba. Ki duba ko fashinsa ya fara ne lokacin da kuɗin suka tsaya.

Inna Mai Jikoki:

'Yata, ni yaron nan ne a raina. Ki daina sanar da shi tun daren Juma'a. Ki haɗa jakar ki ɓoye, in uban ya iso minti biyar ya isa a shirya shi. In ya tambaya, kada ki ce baba na aiki alhali ba ki sani ba, kada kuma ki zagi ubansa a gabansa. Ki ce, "Yau bai zo ba, kuma ba laifinka ba ne." Yara kan ɗauka su ne suka yi wani abu.

Ita kuma babbar da ta yi shiru, kada ki ɗauka ta haƙura. Ki ja ta gefe ku biyu, ki bar ta ta faɗi abin da ke cikinta, ko da fushi ne.

Maman Biyu:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Baban Uku, na koma kan saƙonninmu, fashin ya riga tsayawar kuɗin da kusan wata biyu, amma gaskiya muna faɗa a ƙofa, zan nemi a sa wani a tsakani. Inna, daren jiya na zauna da babbar. Ta ce ta daina sa rai ne don kada ƙaninta ya ga tana kuka.

Malam Magatakarda, na kwashe kwanakin duka na zuba a littafi. Asabar mai zuwa tasa ce, ban gaya wa ƙaramin ba. Tambaya ɗaya ta rage: in ƙarfe 10 ta wuce bai zo ba, har ƙarfe nawa ya kamata in jira kafin in fita da su?