Wa ya taɓa kallon katun ɗin ɓeran nan mai bincike?

Ɗan Gwammaja: Salamu alaikum jama'a. Jiya da daddare an kawo wuta sai na kunna wa yara wani tsohon katun na Disney, The Great Mouse Detective, na 1986, wanda wani ɓera Basil yake bin sawun masu laifi a Landan, gidansa ma a ƙarƙashin gidan Sherlock Holmes yake, shahararren mai binciken nan na littattafan labari. Na ɗauka minti biyar za su watse su koma kan wayar uwarsu, wallahi har ya ƙare ba wanda ya motsa, autar har tuwonta ya huce. Mu dai a kaset muka gan shi gidan maƙota. Akwai wanda ya san shi kuwa? Duk wanda na tambaya Tom and Jerry kawai yake tunawa.

'Yar Fagge: Kai yaya ka tono min abu! Jemagen nan mai ƙafar katako, Fidget, da ya faɗo ta taga ya sace baban 'yar ƙaramar ɓeran nan Olivia tun a farkon fim ɗin, kwana uku na yi bana yarda in fita tsakar gida bayan magariba ga kuma jemagu a bishiyar mangwaronmu, sai da Hajiya ta ɓoye kaset ɗin.

Baban 'yan biyu: Ni mugun ne ya tsaya min a rai, Ratigan. Gafiya ce fa sosai amma ya sa kwat da hula ya ce shi ɓera ne, wani yaronsa da ya bugu ya kira shi gafiya sai kawai ya kaɗa 'yar ƙararrawa kyanwarsa ta zo ta haɗiye shi. Har yau in wani yana ɗaga kai a majalisarmu Ratigan muke ce masa, shi bai ma san dalili ba.

Ummin gida: Na je wajen masu tura finafinai na unguwarmu na faɗi sunan, yaron ya kalle ni ya ce Anti sai dai fassarar Indiya.

Malamin firamare: Abin da ya danne shi, a shekarar wani fim ɗin ɓera ya fito, An American Tail, ya fi shi kasuwa. Amma ku sake duba faɗan ƙarshe a cikin agogon Big Ben, ƙarafunan da ke juyawa da kwamfuta aka tsara su, lokacin abin sabo ne. Biyu daga cikin daraktocin, John Musker da Ron Clements, su suka zo suka yi Aladdin a 1992. Sai dai iyaye a kula, akwai wajen mashaya da hayaƙin taba da rawa, ni tsallake shi nake yi.

Ɗan Gwammaja: Malam ai ni ma rimot na hannuna. Yanzu ga babban nawa tun safe yana bin takalman 'yan gida yana duba ƙasansu, wai sai ya gano wanda ya cinye kilishin da na ajiye saman firij. Ni ne fa, na dai yi shiru.