Me za mu kira "prime number" da Hausa?

1/ Ƙanwata ce ta kawo mini aikin gida na lissafi jiya, na tsaya ina ta kewaye-kewaye, na rasa sunan da zan kira irin lambar nan da Bature ke ce wa "prime". Wato ka ɗauki goro 12, za ka iya kasa shi daidai tsakanin mutum 2, 3, 4 ko 6. Goro 13 kuwa, ko dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum 13 su samu ɗaiɗai. Babu kaso na uku.

2/ Na ga masu rubuta "lamba marar rabo". Ban yarda ba. A bakin Bahaushe marar rabo shi ne wanda aka raba abu bai samu ba. Tausayi kalmar take jawowa, alhali lambar ba abar tausayi ba ce, taurin kai gare ta. "Lambar firam" kuma ba ta gaya wa yaro komai.

3/ Tawa shawarar: gagara-rabo. Muna da gagarabadau, muna da gagara-gasa, kunne ya riga ya saba da ƙirar.

4/ Ku gwada ta a kan babbar lamba ku ji. 2,147,483,647, wato ka jera 2 har guda 31 ka ninka su, ka cire 1. Masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar a 1772 cewa babu lambar da ke raba ta sai 1 da ita kanta, ba kwamfuta, ba na'urar lissafi. Masu rubuta manhaja sun san ta sarai, domin sau da yawa a nan ƙirgen kwamfuta na tsarin bit 32 yake tsayawa. To wannan ba ta gagara ba?

5/ Akwai kuma ta bogi. Fermat na Faransa ya zaci 4,294,967,297 ma haka take. A 1732 Euler ɗin dai ya kayar da ita: 641 sau 6,700,417. Kusan shekara ɗari tana cin sunan da ba nata ba.

6/ Wani malami ya ce mini ai 1 yana raba gagara-rabo, ita ma tana raba kanta, ina gagarar? Na ce ranka ya daɗe, wanda ya riƙe goronsa duka ai bai yi rabo ba. Sai dai a faɗa wa yara ƙarara cewa 1 ba ya cikin jerin, daga 2 ake farawa.

7/ A Oktoban 2024 aka gano wata gagara-rabo da tsawon rubutunta ya kai alƙaluma 41,024,320. Tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) masanin lissafi Yukilid ya nuna irin waɗannan lambobi ba su da iyaka.

8/ Inda na maƙale shi ne kishiyarta, irin su 12 da waccan ta Fermat. "Rabau" nake ji a raina, amma ban gama natsuwa da ita ba. Malaman lissafi, ya kuka gani?